Fankar Lantarki a Bakin Kainji: A Duba Janaretonta Tukuna

Tun 1968 madatsar Kainji ke ba ƙasa wuta, amma ƙauyuka da dama na Ngaski da Shanga da tsibiran Yauri har yau da tocila ake kwana. Ba mamaki ran mutum ya biya idan ya ga tallar fankar da iska ke juyawa ta ba da lantarki mai wat 1000. To, a yi hattara: yawanci a iskar da ta kai mita 12 a daƙiƙa ake auna wannan adadi. Da ta sauko zuwa mita 4, ƙarfinta kashi ɗaya ne cikin 27. Abin tambaya, wane irin janareto ke bayan fukafukan?

Wanda aka fi yin asara da shi shi ne altanetar mota. Tana da araha, kowane mai gyaran wutar mota a Yelwa ya san cikinta. Sai dai an ƙera ta don injin mota: ba ta caji sai ta haura juyi 1000 a minti, ƙaramar fanka kuwa ɗaruruwa kawai take yi. Ga shi sai ta sha wutar batir kafin ta bayar, don haka ranar da iska ta kwanta, cinye cajin za ta yi. A ƙara mata bel don ta yi saurin juyi, shi ma ya ci nasa rabon.

Janareto mai maganaɗisu na dindindin ba ya roƙon batir komai, amma iri biyu ne. Wanda aka naɗa wayarsa a kan ƙarfe yana cijewa, iska mai rauni ba ta iya tayar da shi. Juya shi da hannu a shago, za ka ji yana tafiya da gargada.

Ɗayan mai faifai biyu ne, wayar tagulla a tsakiya, babu ƙarfe a cikinta. Hugh Piggott na Sikotilan ya yaɗa ƙirarsa, kuma maƙeri da mai walda za su iya haɗa shi. A ganina shi ya dace da mu, ko da yake maganaɗisunsa na da tsada, kuma danshin tafki na sa shi tsatsa idan ba a lulluɓe shi ba.

Sai guguwar farkon damina, wadda masunta suka fi kowa sani. Fankar da ba ta da wutsiyar kauce wa iska takan ƙone, wadda aka cire wa batir tana juyawa kuwa takan ruga har fiffike ya fizge. Kada a kafa ta kan rufin ɗaki ko wurin wasan yara.