Waƙafi da Aya a Cikin Lissafi: Darasi Daga Aikin Injiniyoyi

A darasin ƙa'idojin rubutu mun ce waƙafi ɗan tsayawa ne, aya kuma cikakkiyar tsayawa. A cikin lambobi alamomin nan suna da wani aiki dabam, kuma ƙasashe ba su yi ittifaƙi a kansa ba. A Nijeriya ana rubuta sha biyu da rabi 12.5, kamar yadda ake yi a Ingila. A Nijar da Aljeriya kuwa 12,5 ake rubutawa, bisa tsarin Faransa.

A ce injiniya yana tsara ƙaramar gada a kan wani kwari a Idlès, cikin lardin Tamanrasset. Manhajarsa ta auna nauyin da zai hau kowane ginshiƙi, sai ya fitar da sakamakon a fayil na CSV domin abokin aikinsa a Kano ya ƙarasa lissafin rodi a Excel. CSV rubutu ne zalla, alama ɗaya ce take raba gida da gida. Kwamfuta mai saitin Ingilishi waƙafi take jira. Mai saitin Faransanci ta riga ta ba waƙafi aikin raba lamba, don haka take amfani da waƙafi mai ruwa.

In an buɗe fayil ɗin kai tsaye a Kano, gidaje za su hargitse. Wannan da sauƙi, tunda ido zai gani. Inda haɗarin yake shi ne bayan an daidaita gidajen. Excel na iya ɗaukar 12,5 a matsayin kalma, kuma in an ce ya tara jimla sai ya tsallake ta ba tare da gargaɗi ba. 1,250 kuwa, wadda marubucinta yake nufin ɗaya da kwata, sai ta koma dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin. Akwai alamar da nake so ɗalibi ya riƙe: in ba a canja saiti ba, lamba tana jingina da hannun dama na gidanta, kalma da hannun hagu.

Wani zai ce ina ruwan ɗalibin harshe da ginshiƙi? Duk wanda ya auna karin sauti da Praat ya kai alƙalumansa Excel, wannan hanyar ya biyo. Mu ma har da ƙari, saboda haruffa masu lanƙwasa. In Excel bai gane cewa fayil na UTF-8 ba ne, ƙ takan fito Æ™, ɗ kuma É—, ƙamus ɗin da aka yi wata shida ana tarawa ya koma abin da ba ya karantuwa.

Saboda haka kada a buɗe CSV da danna shi sau biyu. A shigo da shi ta ƙofar shigo da bayanai, a zaɓi UTF-8, a faɗa wa Excel alamar da ta raba gidaje da wadda ta raba lamba. Daga nan a ɗauki layi uku ko huɗu a gwada su da abin da ke cikin manhajar asali kafin a fara wani lissafi.