Masu Goge Huɗu na Amurka

A wurinmu mai goge shi ke ƙaga kiɗansa, shi ke kaɗa shi, yaransa kuma su ɗauka da kunne. A wurin Turawa ba haka ba ne. Wani ne ke zama ya tsara kiɗan a takarda da alamomi, wasu kuma su duba takardar su kaɗa. Akwai wani tsari da suke ji da shi ƙwarai, watau mutum huɗu su zauna, biyu da ƙananan goge, ɗaya da madaidaici, na huɗun da wani babba wanda akan kafa a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Ba ganga, ba mai ba da umurni. Yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi kiɗan mazan jiya suke ta maimaitawa, irin su Haydn da Beethoven.

To, a cikin 1973 wani saurayi mai suna David Harrington, a garin Seattle na Amurka, ya ji wani kiɗa a rediyo da dare. George Crumb ne ya tsara shi a 1970, lokacin yaƙin Biyetnam. Abin ya shiga ransa har ya nemi abokai uku don su kaɗa shi. Mafarin ƙungiyar Kronos ke nan, wadda daga baya ta koma San Francisco da zama.

Tun farko suka ƙudura ba za su dogara ga matattu kaɗai ba. Sai su je wurin mai tsara kiɗa wanda ke da rai, su ce ya rubuta musu sabo, su biya shi. Na farkon da suka roƙa shi ne Ken Benshoof, malamin Harrington, ladansa kuwa jaka guda ce ta wani irin fanke na Turawa, don ba su da ko anini. (Ashe ba malaman ƙasarmu kaɗai akan biya da godiya ba.) Daga wannan fanke zuwa yau an rubuta musu kiɗa fiye da 1,000.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne faifan da suka fitar a 1992, na makaɗan Afirka zalla. A ciki akwai Foday Musa Suso na Gambiya, mai kaɗa kora mai tsirkiya 21, da Obo Addy, makaɗin ganga na Gana, da Dumisani Maraire na Zimbabuwe. Akwai kuma Hamza El Din, mutumin Nubiya, wanda kiɗansa ke kwaikwayon keken ɗiban ruwa da shanu ke juyawa a bakin Kogin Nil, yana ta zagawa yana komowa. Wahalar aikin a bayyane take. Da yawa cikin waɗannan mutane da kunne suka koyi sana'arsu, sai an zauna an saurara an mai da abin a takarda. Takarda kuwa ba ta iya ɗaukar kome da kome. A ganina goge ba zai taɓa yin zaƙin kora ba, kome gwanintar mai shi, shi ya sa suka kyauta da suka sa Suso ya kaɗa korarsa tare da su. Sun kuma rubuta sunan kowane mai kiɗa a kan aikinsa, ba su ce wai "kiɗan gargajiya" ba kawai su wuce.

A 2017 suka sake yin faifai tare da makaɗa uku na ƙasar Mali, waɗanda ake kira Trio Da Kali.

Mu masu koyon aikin malanta, ga abin da ya shafe mu. A 2015 suka soma wani shiri na sa a rubuta sababbin kaɗe-kaɗe 50, rabi daga mata, rabi daga maza, musamman domin ɗalibai. Sun zuba takardun a intanet kyauta, tare da muryar kiɗan, don almajiri ya ji da kunne kafin ya duba takarda. Ɗaya daga ciki na Lassana Diabate ne, ɗaya daga makaɗan nan uku na Mali, a kan labarin Sunjata, sarkin da ya kafa daular Mali.