Idan A-kori-kura Mai Dizal Ta Ƙi Tashi da Zafi

Da safe mota ta tashi da murɗa makulli sau ɗaya. Ka yi tafiyar awa biyu da kwandunan tumatir, ka kashe ta a bakin kasuwa, bayan minti goma ta ƙi tashi, sai ta huce. Wannan matsala ta fi yawa a watannin Maris da Afrilu, kuma manoma da yawa suna kashe kuɗi a kan sabon batir da hita ba tare da sun magance ta ba. Hita dai aikinta ɗumama inji ne lokacin sanyi. Injin da ya riga ya yi zafi ba ya buƙatarta, saboda haka a bar ta.

Abu na farko shi ne ka saurari kik. Idan yana juya inji a hankali, kamar ya gaji, to matsalar ta wuta ce. Zafi yana rage ƙarfin tsohon kik, haka kuma tsatsa a kan batir ko sakin wayar da ke haɗa batir da jikin inji. Ka kankare kan batir, ka ɗaure wayoyi. Mai gyaran waya ya auna batir yayin da ake murɗa makulli: bai kamata ya sauka ƙasa da bolt 9.6 ba.

Idan kuwa kik yana juyawa da ƙarfi amma inji bai kama ba, sai ka koma wajen mai. Ka matsa ɗan famfon hannu da ke kan filta. Idan ya yi laushi, ya ɗauki lokaci kafin ya yi tauri, iska tana shiga ta wani tiyo da ya tsage ko filtar da ba ta zauna daidai ba. Gyaran wannan ba shi da tsada.

Mafi yawan lokaci, a tsofaffin motoci irin Hilux mai injin 2L ko 3L, laifin na injekta ne, wato famfon da ke tura mai zuwa nozul. Ƙarafan cikinsa suna cinyewa da shekaru. Da safe dizal yana da kauri, yana toshe ɗan gibin da ke tsakaninsu. Idan ya yi zafi sai ya tsinke, ya riƙa zurarewa ta gibin, ƙarfin da zai buɗe nozul ya gaza. Shi ya sa irin wannan mota takan tashi idan an tura ta, domin turawa tana juya inji da sauri fiye da kik.

Gwajin yana da sauƙi. Lokacin da ta ƙi tashi, ka zuba ruwan da ba mai ƙanƙara ba a hankali a kan injekta, wajen da bututun ƙarfe huɗu suke fitowa. Kada ruwan ya taɓa jikin inji ko wayoyi. Ka jira minti biyu, ka murɗa. Idan ta tashi nan take, injekta ta cinye, sai a kai ta wurin masu na'urar gwaji. Zuba ruwa gwaji ne kawai, kada ya zama al'ada. Dizal da aka gauraya da kananzir, wanda akan sayar a jarka a gefen hanya, shi ke saurin kashe injekta, domin ba shi da maiƙon da take buƙata.

Sababbin motoci masu kwamfuta, irin injin 2KD, ba a yi musu wannan gwaji. A nan akan sami nozul mai mayar da mai da yawa zuwa tanki, ko na'urar da ke ƙirga juyawar inji wadda take daina aiki idan ta yi zafi. Sai an sa musu na'urar bincike.

Direbobi su daina fesa fetur a hanyar iska don tada inji, domin yana iya fasa fistin. Kuma kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15 a jere. A bar kik ya huta minti ɗaya kafin a sake gwadawa.