BABI NA UKU: HANYOYIN GANO LALACEWAR GEJIN MOTA PEUGEOT 504 A YANKIN DAWAKIN KUDU

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani ne a kan yadda ake gano musabbabin lalacewar gejin mai da gejin zafi a tsohuwar mota ƙirar Peugeot 504, wadda Hausawa ke kira Fijo. An fara ƙera wannan mota a Faransa a shekarar 1968, sannan kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya daɗe yana haɗa ta a nan gida. Bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya bunƙasa a Kura da Bunkure da Kadawa, maƙwabtan Dawakin Kudu. A-kori-kurar Fijo na daga cikin motocin da suka yi aikin kwasar tumatir da shinkafa daga gonaki zuwa kasuwanni irin su Kwanar Gafan. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, sau da yawa ba gejin ne ke lalacewa ba, hanyar da wuta ke bi zuwa gare shi ce ke samun matsala.

3.1 Yadda Geji Ke Aiki

Wutar wannan mota bolt 12 ce. Takan taso daga batir, ta bi ta makunni da fis, ta shiga geji, ta wuce zuwa na'urar da ke aiko da saƙo, sannan ta koma batir ta jikin ƙarfen motar. A cikin tankin mai akwai wani abu mai yawo a saman fetur, wanda hawa da saukarsa ke ƙara ko rage wutar da ke wucewa. A jikin inji kuma akwai na'urar da ke barin wuta ta ƙara wucewa gwargwadon yadda ruwa ya yi zafi. Ke nan duk inda wannan zagaye ya yanke, allura za ta faɗi ƙarya ko ta kwanta gaba ɗaya.

3.2 Dalilan Lalacewa a Wannan Yanki

Na farko shi ne laima. Motar da ke shiga hanyoyin gona a gefen magudanan ruwa takan kwashi taɓo, wanda ke sa tsatsa a bakin wayoyi, musamman na saman tanki. Na biyu, ƙurar hunturu takan taru a mazaunin fis. Na uku, girgizar hanya takan kwance kusoshi. Bugu da ƙari, zafin bazara, wanda kan kai digiri 40 a watan Afrilu, yakan busar da robar tsofaffin wayoyi har su tsage su taɓa ƙarfe.

3.3 Matakan Bincike

(a) A fara da lura. Idan duk gejojin sun mutu lokaci guda, to laifin yana wurin da suka yi tarayya, wato fis ko wayar da ke kawo wuta ko wadda ke komawa jikin mota. Idan ɗaya ne kawai, sai a bi layinsa.

(b) A auna batir. Lafiyayyen batir yakan nuna kimanin bolt 12.6 idan inji na kashe, da 13.8 zuwa 14.4 idan yana aiki.

(c) A duba fis da ƙwan gwaji, a tabbatar akwai wuta a ɓangarorinsa biyu. Ɗaura waya a madadin fis ɗin da ya ƙone ganganci ne, domin yana iya jawo gobara.

(d) A kunna fitilun gaba a dubi allura. Idan ta motsa, alama ce haɗin da ke komawa jikin mota ya yi tsatsa. Sai a kwance shi, a goge da sanfefa, a ɗaure.

(e) A cire wayar na'urar zafi, a buɗe makunni, a taɓa ta da jikin inji na daƙiƙa ɗaya ko biyu kacal. Idan allura ta haura zuwa ƙarshe, geji da waya lafiyarsu ƙalau, na'urar ce ta mutu. Idan ba ta motsa ba, sai a bi wayar har bayan geji. A ɓangaren tanki kuwa, ya fi dacewa a yi amfani da mita, saboda tartsatsi kusa da fetur haɗari ne.

(f) Sai an gama waɗannan duka ne za a tuhumi gejin kansa.

3.4 Abin Lura

Akwai matsalolin da ke kama da na lantarki alhali ba su ba ne. Makanikai da dama sukan cire bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwa, wanda hakan kan sa allura ta daɗe a ƙasa. Har ila yau, idan ruwan lagireto ya tsiyaye, na'urar ba ta cikin ruwa, don haka tana iya nuna sanyi alhali inji na ƙuna.

3.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa bin matakai daki-daki ya fi saurin zuwa Ƙofar Ruwa sayen wani geji. Direban da ya saba tafiya da mataccen gejin zafi ba zai san fanbel ya tsinke ba sai tururi ya tashi, lokacin da gasket ya riga ya ƙone. In kuwa tumatir ya ɗauko, asarar ta zama biyu: ga gyaran inji, ga kayan manomi na ruɓewa a rana. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.