In maɓallin kwamfuta ya ƙi danna, kada a yi gaggawar jefar da ita

Daga Konni zuwa Malbaza har Illela, da wuya ka shiga shago ba ka tarar da kalkuleta a kan teburi ba, wasu ma da tsohuwar kwamfuta da ake rubuta bashi da takardun kaya a cikinta. Matsalar da ta fi damun masu su ita ce a danna maɓalli ya ƙi fitowa. Dillalin albasa a Galmi da sifilinsa ya ƙi shiga, lissafin jika ɗari sai ya koma jika goma, rigima kuwa ta tashi.

Galibi injin lafiyarsa lau. A yawancin kalkuleta da wasu kwamfutoci, ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ƴar roba mai baƙin ɗigo, ita ke taɓa allon wuta idan an danna. Ƙurar hunturu da gumi da maiƙon hannu su ne ke taruwa a wurin su hana wuta wucewa. Mutanen Malbaza, da ke maƙwabtaka da kamfanin siminti, sun fi kowa sanin aikin ƙura. Ciwon kuma tsoho ne, don har kwamfutocin gida na farko, irin su Commodore 64 da ta fito a 1982, da shi suke fama.

Gyaran ba wuya. A kashe na'ura, a zare waya ko batir, a kwance ta, a ajiye kusoshin cikin kwano kada su ɓace. A samo alkol a farmasi, a jiƙa auduga kaɗan, a goge ɗigon robar da wurin da yake taɓawa, a bari ya bushe sarai. In baƙin ɗigon ya goge saboda tsufa, a shafa masa bakin fensir, zai ɗan ja lokaci. Amma ban da ruwa, ban da kananzir ko fetur, Hajiya, don suna cinye roba.

In kuwa maɓallai da yawa suka mutu lokaci guda, ba datti ba ne. Maɓallan suna tarayya a kan layin wuta ɗaya, layin ne ya katse ko faffadar wayar ciki ta zame. Wannan a kai wa mai gyara. Tsofaffin kwamfutoci masu zagayayyen kan waya mai allura 6 kuma sai an kashe su kafin a soka, a kuma duba ko wata allurar ta lanƙwashe.

Wanda zai sayi wani allon ya lura. Tun da aka sake buɗe iyaka a watan Maris na 2024, kayan Sakkwato na shigowa Konni, amma allon Najeriya jerin Ingilishi gare shi, QWERTY, namu kuwa na Faransanci ne, AZERTY. Ka danna A ya fito Q, ka ɗauka ya lalace, alhali harshe kawai za a sauya a cikin kwamfutar.