Mario Rossi, Baƙon da Ya Zana wa Masar Masallatai

Ɗalibin da ya tashi daga Simsim ko Gadarif ya tafi karatu Masar, da wuya ya gama shekarunsa bai yi salla a wani masallacin da Mario Rossi ya zana ba. Sai dai ba lallai ya sani ba, domin mutum ba ya shiga masallaci yana tambayar wa ya zana shi. Da ma ya tambaya, da amsar ta ba shi mamaki: mutumin Italiya ne, haifaffen birnin Roma a 1897, wanda ya zo Masar ci-rani yana Kirista.

A 1921 ya sauka ƙasar, yana saurayi, ya kama aikin ƙawata gini a ƙarƙashin wani ɗan ƙasarsu, Ernesto Verrucci, babban mai zanen gine-ginen fadar Sarki Fu'ad. A wancan zamani Italiyawa sun yi yawa a Alƙahira da Iskandariyya, daga magina har masu sassaƙar dutse, kuma akasarinsu irin ginin gida suke yi wa masu kuɗi. Rossi ya bi wata hanya daban. Ya shiga tsofaffin unguwannin Alƙahira da takarda da ma'auni, yana auna masallatan da Faɗimiyyawa da Mamalik suka bari, yana kwafe zanen ƙubba da na mihrabi da rubutun da ke jikin bango. Ya tara zane mai yawa, kuma wannan karatun na ƙafa shi ya zama jarinsa. A 1929 aka ba shi muƙamin babban mai zanen gini na Ma'aikatar Wakafi, ma'aikatar da masallatan ƙasar ke hannunta, ya riƙe shi fiye da shekara 20.

Aikinsa mafi girma shi ne masallacin Abul Abbas al-Mursi a Iskandariyya, wanda suka fara da wani Ba'italiye, Eugenio Valzania, aka kammala a 1945. Waliyyin da ke kwance a wurin ma baƙo ne, daga Mursiya ta Andalus ya zo, almajirin Shehu Abul Hasan Shazali, kuma kabarin Busiri mai Burda yana nan daf da shi. Daga waje mutum zai rantse ginin zamanin Sarki Ƙaitbay ne: ƙubbobi masu zane, hasumiya mai tsawon mita 73, bakin soro da aka yi wa ado kamar haƙoran tsefe. Amma ƙashin ginin kankare ne da rodi. A nan gwanintar take. Tsohon masallaci na dutse yana buƙatar katanga mai kauri da ginshiƙai barkatai, har sahu ya riƙa yankewa, na baya ba ya ganin liman. Rossi ya yi zauren salla mai kusurwa takwas, ya ɗora rufin a kan ginshiƙan dutse 16 da aka yo jigilarsu daga Italiya, ya buɗe tagogi a can sama haske yana zubowa tsakiya. Ya kuma jingine babban filin tsakar masallaci irin na da.

Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa aiki. Italiya na faɗa da Ingila, Ingila kuwa ita ke riƙe da Masar, saboda haka aka tsare mazan Italiyawa, har da shi, a sansanin Fayid kusa da mashigin Suwes. Bayan yaƙin ya musulunta, ya koma kan teburinsa. Daga nan masallacin Ƙa'id Ibrahim na Iskandariyya ya fito, da na Umar Makram da ke dandalin Tahrir, inda ake sallar jana'izar manyan ƙasar. Duk wanda ya kalli zanga-zangar Masar ta 2011 a talabijin ya ga waɗannan biyun.

Akwai masu sukar aikinsa, suna cewa kwaikwayo ne kawai, an sa wa siminti rigar dutse. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, musamman idan aka dubi abin da 'yan kwangila suka yi da salon bayansa: ƙubba a manna, hasumiya a manna, ba ruwansu da iska ko zafi. Masallatanmu da yawa, daga Gadarif har Kano, sun faɗa wannan tarko, alhali Babban Gwani ya nuna a masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19 cewa da ƙasa da azara ma ana tayar da baka mai ban sha'awa. Amma ni ban ga laifin Rossi a nan ba. Shi ya auna abin da ya kwaikwaya da hannunsa, ya san dalilin kowane lanƙwasa.

Sunansa ya ƙetare teku a ƙarshen shekarun 1940. A 1944 jakadan Turkiyya a Amurka, Munir Ertegun, ya rasu a Washington, aka rasa masallacin da za a sallace shi. Wannan ya zaburar da jakadun ƙasashen Musulmi, aka aza tubalin Cibiyar Musulunci ta Washington a 1949 bisa zanen Rossi, Shugaba Eisenhower ya halarci buɗe ta a 1957. Zauren sallar bai bi layin titi ba, an karkatar da shi arewa maso gabas. Masu duba shimfiɗaɗɗiyar taswira sun ɗauka kuskure ne, tunda Makka tana kudu da Washington, amma duniya a dunƙule take, kuma hanya mafi kusa zuwa Ka'aba daga can ta arewa maso gabas ta bi.

A shekarun 1950 Saudiyya ta fara faɗaɗa Masallacin Harami, aka kira shi ya sa hannu a aikin ƙawata shi. Ya rasu a Alƙahira a 1961, shekara 40 bayan saukarsa ƙasar.