Alƙalancin Wasan Harbin Fenti: Aikin Da Idon Mutane Ya Rataya A Kansa

A cikin wasannin da ake naɗa wa alƙali, da wuya a sami wanda alƙalinsa ke shan wuya kamar na wasan harbin fenti. Alƙalin ƙwallon ƙafa yana bin ƙwallo ne daga gefe, na dambe kuma yana kewaya 'yan wasa yana jiran lokacin shiga tsakani. Shi kuwa wannan bawan Allah, tsakiyar rundunoni biyu masu harbin juna yake yini, ba shi da bindiga, ba shi da maɓoya, daga shi sai usur da tsumma da riga mai launi mai ɗaukar ido. Yanzu da wasan ya fara samun gindin zama a wuraren shaƙatawa na Legas da Abuja, inda ɗalibai da ma'aikata ke haɗa kuɗi su je a ƙarshen mako, lokaci ya yi da za mu san wannan aiki, domin lafiyar duk wanda ya shiga filin tana hannun mai yin sa.

Asalin wasan

Musu ne ya haifi wasan. Wasu abokai biyu Amurkawa, Charles Gaines marubuci da Hayes Noel ɗan kasuwar hannun jari a birnin New York, sun daɗe suna gardama a kan ko ɗan birni mai wayo zai iya ja da mutumin da ya saba da daji idan aka sake su cikin kurmi. Abin da ya raba gardamar wata 'yar bindiga ce mai suna Nel-Spot, wadda kamfanin fenti na Nelson ya fito da ita domin ma'aikatan gandun daji su riƙa yi wa itatuwa alama daga nesa, makiyaya kuma su yi wa shanu. Abokinsu Bob Gurnsey ya tsara dokoki, sannan a watan Yunin 1981 mutum 12 suka gwabza wasan farko a garin Henniker na jihar New Hampshire. Wanda ya yi nasara ran nan, Ritchie White, ma'aikacin gandun daji ne, kuma bai yi harbi ko sau ɗaya ba. Sanɗa ya yi ta yi har ya tattara tutocin da ake nema. Daga nan wasan ya bazu a duniya, har ga shi yau akwai gasar ƙwararru ta NXL a Amurka, wadda ke rufe kakarta da babban taro a Kissimmee ta jihar Florida.

Tsarin da aka fi sani shi ne a raba 'yan wasa gida biyu a cikin fili mai kewayen raga, wanda aka jera wa shingaye na katako ko na roba da ake hura wa iska. Kowane ɓangare yana neman ɗauko tutar ɗaya, ko ya fitar da mutanensa gaba ɗaya. Wanda harsashi ya fashe a jikinsa ko a kan bindigarsa ya bar tabo, ya fita ke nan. 'Yan wasa kan ce an kashe shi, kamar dai yadda ake cewa ɗan dambe ya yi kisa idan ya kai abokin karawarsa ƙasa.

Me ya sa ido?

Harsashin ɗan ƙwallo ne mai faɗin kimanin milimita 17 da nauyin kusan giram 3. Ɓawonsa irin na kafson magani ne, cikinsa kuma ruwa ne mai launi da ke fita da wanki. Iskar da aka matse cikin 'yar tukunya ce ke ingiza shi, kuma ƙa'idar da aka yarda da ita ita ce kada gudunsa ya wuce ƙafa 300 a sakan guda, wato kimanin kilomita 330 a awa. Filaye da yawa ma kan tsaya a ƙafa 280. Idan ya sami hannu ko baya, iyakarsa zafi da shatin da zai baje cikin 'yan kwanaki.

Labarin ido daban yake. Allah Ya ajiye ƙwayar ido cikin rami mai kewayen ƙashi, shi ya sa idan ƙwallon ƙafa ya doki fuska, ƙashin ke tare mafi yawan ƙarfin, saboda ƙwallon ya fi bakin ramin girma. Harsashin fenti kuwa ya fi bakin ramin ƙanƙanta, don haka kai tsaye yake dira a kan ƙwayar. Abin da kan biyo baya shi ne taruwar jini a cikin ido, ko ɓallewar tantanin gani, ko makanta ta dindindin. Likitocin ido sun sha nuna cewa mafi yawan waɗannan raunuka sun sami mutanen da ba su sanye da garkuwar fuska ne, ko waɗanda suka cire ta na ɗan lokaci. Wannan ɗan lokacin shi ne alƙali ke gadi tun daga safe har yamma.

Kafin a busa usur

Aikin alƙali yana farawa tun kafin baƙi su iso. Zai duba garkuwar fuska ɗaya bayan ɗaya, ya ware wadda gilashinta ya tsage ko maɗaurinta ya saki. Zai tara 'yan wasa ya karanta musu dokoki, ya maimaita ta farko har sai ta gundure su: ba a ɗaga garkuwa a cikin fili, ko da wasa ya tsaya, ko da an riga an fitar da mutum. Ta biyu kuma, ba a fita daga raga sai an toshe bakin bindiga da marfinta, domin harbin kuskure ya fi faruwa a wurin hutawa, inda kowa ya buɗe fuska yana raha.

Sannan zai kai kowace bindiga gaban na'urar auna gudun harsashi, a yi harbi 'yan sau, wadda ta zarce ƙa'ida a rage mata ƙarfi. Gwajin safe kaɗai ba ya wadatarwa. Bindigogin da ke aiki da iskar kabon, ƙarfinsu na ƙaruwa idan tukunyar ta ɗauki zafi, don haka wadda ta tsallake gwaji da hantsi tana iya zarce iyaka da azahar ba tare da kowa ya taɓa ta ba. A ƙasa irin tamu, inda zafin bazara kan kai digiri 40 a garuruwa da dama, alƙalin da bai san wannan ba ƙaramin saninsa ƙuƙumi ne ga waɗanda suka dogara da shi.

Cikin ruwan harsashi

Da zarar an busa usur, hankalin ɗan kallo yana kan wanda ke cin nasara, na alƙali kuwa yana kan fuskoki. Gumi kan sa gilashi ya yi hazo, fenti kan rufe shi idan harbi ya sami fuska, kuma hannun sabon shiga kan tafi ga garkuwa tun kafin tunaninsa ya iso. Nan take alƙali zai kwarara ihu a dakatar da harbi, ya ruga ya rufe mutumin da jikinsa, ya mayar masa da garkuwar, kome yawan harsasan da ke sauka a bayansa.

Haka nan idan ɗan wasa ya ji wani abu ya same shi inda ba ya iya gani, yana da damar kiran alƙali ya duba. Dole ya kutsa cikin harbin, ya yanke hukunci cikin ƙiftawar ido. Ko harsashin ya fashe, ko kuwa ya yi tsalle ya faɗi ƙasa lafiya? Tabon nan na harbi ne, ko fantsamar fenti ce daga shinge, ko tsohon fenti ne da mutumin ya jingina a kai? A filaye da dama sai tabo ya kai girman tsabar kwata ta Amurka, kusan girman sulen da, kafin a ƙirga shi. A gasar ƙwararru, inda bindiga ɗaya ke fitar da harsashi kimanin 10 a sakan, jinkirin alƙali na sakan biyu ya isa ya juya sakamakon wasa.

Ga kuma maguɗi. Akwai mai goge tabo da hannu ko ya murza shi a ƙasa, da mai ci gaba da harbi bayan ya san an fitar da shi, da mai ƙara wa bindiga ƙarfi a ɓoye bayan gwaji, da mai huce haushi a kan wanda ya riga ya ɗaga hannu yana fita. Hukuncin da ake yi a gasa yana da hikima: a fitar da mai laifin, a haɗa da abokin wasansa ɗaya da bai ji ba bai gani ba, idan laifin ya yi girma a haɗa da biyu ko uku. Ta haka ƙungiya da kanta ke tsawata wa nata tun kafin alƙali ya yi magana.

Inda gizo ke saƙa

A ganina, alƙalancin wuraren shaƙatawa ya fi na gasa wuya. Ƙwararre ya san doka, ya kuma san hukuncinta. Baƙon ƙarshen mako kuwa kuɗinsa ya biya, yana ganin kansa a matsayin mai gida. Alƙalin, wanda galibi matashi ne mai ƙaramin albashi, shi zai tsaya gaban mutumin da ya haife shi, ko wani shugaban ma'aikata da ya zo da tawagarsa, ya ce masa: "Ranka ya daɗe, ka ɗaga garkuwa sau biyu, sai dai ka koma waje ka huta." Idan mai wurin ya fi jin tsoron ɓacin ran baƙo a kan tsoron makantarsa, to ya karya alƙalinsa, kuma daga ranar babu wanda zai ƙara jin usur ɗinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shi ne kuma mai raba gogaggu da sabbin shiga daidai wa daida, don kada a mayar da yara abin gwajin hannu. Shi ke tilasta dokar da wurare da yawa ke bi, cewa idan ka riski mutum dab da dab, ka ba shi damar miƙa wuya maimakon ka harbe shi. Shi ke lura da wanda zafin rana ya fara galabaitarwa a cikin kaya masu kauri, ya fitar da shi ya sha ruwa. Bayan kowa ya watse, shi zai wanke garkuwoyi, ya goge shingaye, wani lokaci ya cika tukwanen iska, waɗanda matsin cikinsu ya ninka na tayar mota kusan sau 100, wasu ma fiye. Irin waɗannan tukwane suna da wa'adin sake gwaji a rubuce a jikinsu, kuma ba a yarda maiko ya kusanci bakin da ake cika su ba.

Shawara

Masu buɗe waɗannan wurare su daina ɗaukar alƙali a matsayin yaron aike da aka miƙa wa usur. Su horar da shi kan dokokin wasa da agajin gaggawa, su saya masa na'urar awo, su sa alƙalai daidai da yawan 'yan wasa, su biya shi abin da zai riƙe shi, su kuma mara masa baya a gaban baƙi komai matsayinsu. Su tabbatar bindigogin ba sa barin harabar wurin, domin a halin tsaron da muke ciki, abin da ya yi kama da makami yana iya jawo wa mai riƙe da shi abin da ya fi ƙarfin wasa.

Iyaye da shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai kuma, kafin ku biya kuɗi ku tsaya ku kalli zagaye ɗaya. An tara mutane an karanta musu dokoki? An auna bindigogi a gabanku? Kowace bindiga tana da marfi a wurin hutawa? Da wani ya taɓa garkuwarsa, me alƙali ya yi? Idan amsoshin ba su gamsar da ku ba, ku kwashe yaranku ku nemi wani wurin, rigakafi ya fi magani. Idan kuwa kun tarar da matashi mai tsayuwa kan doka, wanda ba ya kallon fuskar kowa, ku bi umarninsa, ku kuma gaya wa mai wurin cewa saboda shi za ku dawo.